Langar da ke tsallaka katanga

Ina gyaran kicin yau na ci karo da langar Gwaggo, yayar babanmu, mai murfin nan da ya ɓantare. Sai na zauna a ƙasa, na kasa ci gaba da aikin.

Shekarun baya, bayan rikicin da ya raba unguwarmu a Tudun Wada, maza suka taru a zauren mai unguwa don yin sulhu. Ba a kira mace ko ɗaya ba. Gwaggo ta ja hannuna, muka je ƙofar zauren.

"Hajiya, zaman maza ne," in ji wani dattijo.

"Da wutar ta tashi, ɗakunan maza kaɗai ta ci?" ta ce. "Ku kun yi musabaha, Malam, amma matanku ko gaisawa ba sa yi a bakin famfo."

Muna komawa gida ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka da ta sha daddawa, muka kai wa Maman Rahila, maƙwabciyarmu Kirista da aka ƙona wa ɗaki. Ta daɗe tana kallonmu kafin ta karɓa. Da langar ta dawo, cike take da faten acca mai zafi. Daga nan sauran matan unguwa suka bi sahu.

Gwaggo ta rasu, Maman Rahila ta tashi daga unguwar. Ga langa a hannuna, ban san sunan matar da ke bayan katangarmu ba.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Gwaggo. Ni kuma Ya ba ni zuciyar ƙwanƙwasa ƙofar nan.