Kaset ɗin Mahamudu Mai Bidiyo

Duk yaron da aka raɗa wa suna a cikin 'yan zangon Ghana mazauna Deptford, tun shekarun tamanin har zuwa sa'ad da wayar hannu ta kashe sana'ar, Mahamudu ne ya ɗauki bikin. Daga Nima ta birnin Accra ya zo London da niyyar karatun lantarki. Karatu bai yiwu ba, ya ɓige da gadin kanti, ranar Asabar kuma ya saɓa kyamara mai nauyin buhun shinkafa ya bi bukukuwa. Kafaɗarsa ta dama ta karkace tun a lokacin, har yau ba ta miƙe ba.

Mutum ne mai kafiya, ga son a yaba masa. Kowane biki sai ya ajiye wa kansa kwafi, ko an so ko ba a so ba, yana cewa wata rana za a neme shi da kuka. Kaset suka cika ɗakin ajiya a ƙasan benen da council, wato ƙaramar hukuma, ta ba shi flat, wuri mai laima da ko takalmi ka bari sai ya yi fari. Bayan rasuwar matarsa Fausia ya daɗe bai leƙa can ba. Ran da ya sauka, ya tarar fumfuna ta fara cin zaren kaset ɗin. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don aikin rayuwarsa ke nan gaba ɗaya.

Ana cikin haka Damaris ta zo, wata 'yar Jos mai aiki da ƙungiyar unguwa. Ƙungiyar ta samu tallafi don tattara tarihin baƙar fatar yankin a koyar da shi a makarantu.

"Baba, za a wanke kaset ɗin a juye su a kwamfuta," in ji ta. "Amma tallafin na abin da za a iya nuna wa jama'a ne kawai. Duk wanda fuskarsa ta fito sai ya amince. Kuma ƙarshen shekara za a yi closing, a rufe tallafin."

Mahamudu ya yi dariya, ya ce wa zai ƙi a gan shi da ƙuruciyarsa? Bawan Allah, ya manta 'yan matan da ya ɗauka duk sun zama hajiyoyi.

Ya fara da Hajiya Katumi a Abbey Wood, shugabar Islamiyyar mata, wadda in ta yi tari sauran sai su yi shiru. A cikin kaset kuwa ita ce kullum a tsakiyar fili, kai ba ɗankwali, ba mai kamo ta a rawa. Ta saurare shi har ya gama, ko ruwa ba ta ce a kawo masa ba. Sannan ta amsa da Hausarta ta zango, wadda ke ce wa mace "shi".

"Mahamudu, ka tsufa ba ka yi hankali ba? Yarinya nan da ka ɗauka ya mutu tuntuni. Na je Makka na wanke shi."

"Hajiya, tarihinmu ne fa. Kaset na ruɓewa."

"Bari shi ruɓe! Allah ya rufa mini asiri, kai ne za ka kai ni school jikokina su gan ni ina tsalle?"

Kafin ya koma gida waya ta zaga. Mata suka ƙi, maza ma suka ƙi, don wasunsu a wancan zamanin da takardun izinin zama na wani suke aiki, har gobe kuma gabansu na faɗuwa. A masallaci aka fara amsa masa sallama a daƙile. Abin ya ci masa rai, ga shi ba zai ce ƙarya suke yi ba.

Kaset ɗaya ya rage wanda izininsa ke hannunsa: bikin sunan ɗansu na fari, inda Fausia ta fito rawa. Ya yi kwanaki yana juya maganar, don shi ma kunyar ta kama shi. Daga baya ya ce a juye. Damaris ta sa aka dusashe fuskar duk wanda bai amince ba, wato kowa in ban da Fausia. Sauran kaset ɗin suka ci gaba da zama a ƙasan bene, tallafin bai shafe su ba.

A watan Oktoba aka nuna fim ɗin a zauren wata makarantar firamare. Hajiyoyi suka zo suka jeru a gaba, ba don ƙauna ba, don su tabbatar bai ha'ince su ba. Mahamudu na zaune a bayan Hajiya Katumi da jikarta Ameera.

Aka kashe fitila. Sai ga Fausia da ƙuruciyarta, tana dariya, tana rawa a tsakiyar mutane marasa fuska. Wata mai koren leshi ta kama hannunta suna juyawa tare. Mahamudu bai buƙaci ganin fuska ba, shi ya ɗauka, ya san Katumi ce, aminan juna ne tun daga Nima. Idanunsa suka cika da ƙwalla.

Ameera ta taɓa kakarta, ta tambaya da Turanci, cikin murna: wace ce wannan mai koren kaya? Ai ta fi kowa iyawa!

Hajiya Katumi ta daɗe tana kallon allon. Mahamudu ya matso da kansa gaba yana jira.

"Ban san shi ba," in ji ta. Ta ja hijabinta ta rufe baki.