Dambun Inna a littafin Sharhabil

Yau dai bakina ya ƙi rufuwa don murna, shi ya sa na ce bari in rubuta labarin ƙanena Sharhabil, ko da rubutun nawa ba wani kyau gare shi ba.

Yana ƙarami ƙyanda ta tafi da idonsa. A Badarawa muka tashi da Innarmu Ladidi, ni ina suyar awara a bakin layi. Wani makaho, Malam Ashiru, shi ya koya masa rubutun makafi, wanda ake huda takarda mai kauri da ɗan tsinke a karanta da yatsa. Daga baya Malam ya koma koyarwa a wata jiha. Sai ya bugo waya wai makarantarsu na neman mai kwafar littafi, Sharhabil ya aiko da aikin hannunsa a gani.

Tun azumi yake huda littafin karatun yara har bayan babbar sallah. Yatsunsa duk suka yi kanta.

Malam ya ce a gidan waya kayan karatun makafi kyauta suke tafiya, ba kan sarki, amma kar a liƙe, kar a haɗa da komai. Inna ce ta ɗaure ƙunshin da igiya. Da na kai gidan waya, matar da ke kan kanta ta ɗaga sama ta ga huji-huji, ta karɓa.

Shiru, shiru. Da na koma tambaya matar ta ce, "Baiwar Allah, can da aka buɗe an ga nama a ƙasa. Ya zama kaya ke nan, sai mai karɓa ya biya."

Na dawo gida na ce, "Inna, me kika sa?"

Ta fashe da kuka. "Ɗan dambun nama ne fa. Ya za a aika wa malami abu hannu rabbana?"

Malam kuma a lokacin yana kwance asibiti, wayarsa a kashe. Makarantar suka ce su ba sa biya wa ƙunshi kuɗi. Na ce to in biya a nan, aka ce sai dai can, ko mu jira a dawo da shi. Ba mu san kowa a garin ba. Ana nan aka ba wani aikin. Sharhabil ya daina taɓa tsinkensa. Kullum tambayarsa ɗaya: "Yaya, ba za su zubar min da shi ba ko?" Guda ɗaya ne tak, ba shi da wani.

Yau da safe aka kira ni ƙunshi ya dawo. Na bar wa maƙwabciya awara a wuta, na hau keke, na biya na karɓo. Da muka kwance, dambun ya lalace, mai ya bi takardun duk sun yi dabbare-dabbare. Ni da Inna muka sa salati.

"Mene ne?" in ji Sharhabil.

"Mai ya ɓata maka shi."

Ya ja littafin ya shafa shafin farko, ya juya, ya shafa na tsakiya. Sai ya yi dariya.

"Ku ya ɓata wa, Yaya. Hujina duk suna nan."

Aikin kam ya tafi. Amma ga shi can kan tabarma yana karanta wa Inna da ƙarfi, ɗakin duk warin dambu.