Ranar da na yi Japananci a unguwar Zahir

Jikata ta ɗauki Hausa yaren tsofaffi ne. Larabci take yi, da ya ishe ta kuma ta koma Japananci, wai a waya take koya. Ni da sai da haƙorana suka fara zubewa na iya rubuta sunana, ina zaune ina jin wasu zane-zanen katun masu idon mujiya suna tsiwa a falona.

Sai ta daina cin abinci, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Uwarta ta leƙa ta ce, "Lafiya?" Ta ce lafiya lau. To me za ta ce? Mu ko gawa ka tambaya haka za ta amsa. Ubanta, ɗan nawa, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Esh fiki?" wato me ke damunki. Bai jira amsa ba, ya zura takalmi ya tafi shago.

Ni kuwa na sha jin yadda zanen nan ke yi in ɗaya ya ɓata rai. Ɗan'uwansa kan tsuguna, ya sassauta murya, ya tambaya, sannan ya yi shiru. Shirun ne ba mu iya ba a gidan nan.

Na shiga, na tsuguna da gwiwoyin da ba sa so, na yi mata tambayar zanen nan, na ce, "Doshita no?"

Ta kwashe da dariya har da ƙwalla. "Kaka, wa ya koya miki?"

"Ke da kika hana ni jin wa'azi."

Na kame bakina. Can ta faɗa. Jarrabawar Japanancin za a yi a Jidda, sai da igama mai rai, wato katin izinin zama, ake shiga, tata kuwa ta mutu tuni. Kullum ta ce a sabunta, uban sai ya ce mata bukura, wato gobe. Saura kwana kaɗan a rufe rajista.

Na yafa abaya na same shi a shago yana raba wa abokansa shayi.

"Hajiya, lafiya?"

"Ba lafiya ba. Tashi ka rufe."

"Bukura in sha Allah, yanzu akwai mutane."

Na ja kujera na zauna tsakiyar mutanen, na ce a zuba min nawa, zan ba su labarin shekarun da ya yi yana fitsarin kwance.

Kafin shayin ya huce ya nemo kwaɗon rufe shagon.