Farin Ɗigo a Idon Hagu

Shekarar da na fara koyarwa a Samaru na sayi 'yar ƙaramar kyamara a kasuwar Sabon Gari, irin wadda ake jefawa a jaka. Daga ranar na addabi kowa. Ko akuya ce ta haihu sai na ɗauka.

Wadda na fi ɗauka ita ce 'yar ƙanena da ke Jushi, lokacin tana da wata goma. Ɗakinsu duhu gare shi, don haka kyamarar da kanta take kunna filas. Ran nan muna kallon hotunan, Innarmu ta tsaya a kan ɗaya. Idon dama ya fito ja, yadda filas ya saba yi wa kowa. Na hagu kuwa tsakiyarsa fari fat, yana ƙyalli.

"Goge wannan," in ji Inna. "Kin mai da min jika mage."

Muka yi dariya, na goge. Na sake ɗauka, farin ya sake fitowa. Abin ya ɓata min rai, ni da nake ji da kaina a harkar hoto. Na koma wurin wanda ya sayar min, ina faɗa tun daga bakin shago.

"Madam, na flash," ya ce da Turancin kasuwa, wai filas ne kawai, in kashe shi. "Just off am."

Ya nuna min maɓalli mai alamar walƙiya, ya danna har wani layi ya gitta ta. Daga nan na riƙa fito da yarinyar tsakar gida da hantsi. Hotuna suka yi kyau, idanu biyu baƙaƙe wuluk. Har wanke su na yi, na raba wa dangi.

Kusan shekara muka yi a haka. Sai idon ya fara karkacewa, tana tafiya tana buge ƙyaure ta hagu. Muka kai ta asibiti a Shika. Likitar ta daɗe tana haska idon, sannan ta tambaya a hankali: "Kun taɓa ganin wani fari a idon nan cikin hoto?"

Ƙanena ya juyo ya dube ni.

Ciwon daji ne a can cikin ido, kuma sau da yawa filas ne yake fara nuna shi. Ta ce da an zo tun lokacin, mai yiwuwa a ceci idon. An ceci ran yarinyar, amma sai da aka cire idon.

Ba wanda ya taɓa ɗora min laifi. Inna har ta rasu ba ta sake ambaton mage a gabana ba. Ni ce dai ban yafe wa yatsana da ya goge hoton nan ba. Har yau in na je suna sai na kunna filas, ko da rana tsaka, in koma gefe ina ƙara girman hoton a waya, ina duba idon jariri. Mutane suna cewa na cika tsirfa.

Yarinyar yanzu tana sakandare, da idon roba da ba kowa ke ganewa ba. Hutun da ya wuce ta zo Samaru, ta zaro tsofaffin hotunan nan na tsakar gida daga durowata. Ta daɗe tana kallon ɗaya.

"Gwaggo, a nan duka biyun nawa ne, ko?"

Na ce eh.

"Kin iya ɗauka," ta ce. "Ko alamar ciwon babu."