Ranar da Kakana Ya Kama Kunnensa

Akwai shirmen ƙuruciya da yawa da in aka tuna mini yanzu sai in yi dariya. Wannan ba ya cikinsu. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na sa kakana ya kama kunnensa a gaban jama'a ba, kuma ko yanzu da nake rubutawa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

A shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo Dutsin-Ma, wani fim ya shigo gari. Tarihin wani shugaban soja ne da ya taɓa mulkin wata ƙasa a Afirka, ƙaton mutum, ƙirji cike da lambobin yabo, yana sa a kashe mutane yana ƙyaƙyata dariya. Waɗanda suka shirya shi ba don raha suka yi ba. Amma mu wanda aka fassara da Hausa muka samu a wurin masu tura finafinai a waya, mai fassarar kuwa shaƙiyyi ne na ƙarshe. Ya sa wa mutumin baki irin na 'yan tasha, inda ya kamata a yi kuka sai ka ga mun riƙe ciki. Akwai wurin da shugaban yake tsare wani dattijo a tsakiyar kasuwa ya sa shi tsallen kwaɗo. Na kalli wurin nan har na haddace. Allah ya yi ni da iya kwaikwayo, ga murya kamar ganga, kafin ka ce kwabo sunana a majalisa ya koma Janar.

Kakana na wajen uba yana wani ƙauye kusa da Rawayau, ta wajen Kurfi. Tun ina yaro shi ne abokin wasana. Kakata matata ce, shi kuwa ɓarawon da ya ƙwace mini ita. Da na shiga gidan sai in ce, "Tsoho, na zo ɗaukar matata." Shi kuma ya ɗaga sanda: "Kai wa, matsiyaci? Ko wandon kirki ba ka da!" A lokacin tsufa ya fara taɓa shi, yakan manta ko ya ci abinci, amma wannan wasan bai taɓa ɓace masa ba.

Aka yi wa yayana haihuwa, muka tafi suna ƙauyen. Sai zuciya ta raya mini in ba mutane dariya. Na cusa kakina na bautar ƙasa da takalminsa a jaka, na tara marafan lemo na huda. Bayan an ci abincin rana, maza na zaune a inuwar dalbejiya a ƙofar gida, har da surukan yayana da suka zo daga Kurfi, na zaga baya na shirya. Na jera marafan a ƙirji, na maka baƙin tabarau, na fito ina buga ƙafa. Samari suka ɗauka: "Janar! Janar!"

Da a nan na tsaya da an tashi lafiya. To amma wa zan tsokana in ba abokin wasana ba? Yana zaune kan buzunsa yana jan carbi. Na je na tsaya a kansa, na saki murya yadda na koya.

"Kai, tsoho! Wa ya ba ka izinin zama a gabana? Tashi! Kama kunnenka!"

Sandarsa nake jira, da zagin da na saba. Sai na ga carbin ya suɓuce. Ya dubi takalmin, ya dubi kakin, idonsa bai kai ga fuskata ba. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya cire hularsa. Mutumin da ko salla a zaune yake yi, sai ga shi ya kama kunnuwansa biyu yana ƙoƙarin tsugunawa.

"Ranka shi daɗe, ban yi komi ba," in ji shi. "Gero ne kawai na kawo. Don Allah, ba gaban ɗana ba."

Ya yunƙura zai yi tsallen, ya faɗi ta gefe.

Surukai suka sunkuyar da kai. Na fizge tabarau ina cewa, "Tsoho, ni ne fa, ni ne!" marafan lemo na ta ƙara a ƙirjina. Babana ya taso ya ɗaga mahaifinsa, ya kaɗe masa ƙasa, ya mayar masa da hula. Ko kallona bai yi ba. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Kakata ce ta aiko a kira ni ɗakinta. Ba ta yi faɗa ba.

"Ka taɓa ganin kakanka ya taka kasuwar Kurfi?" ta tambaye ni.

Ban taɓa ba. Har tsiya nake yi masa a kan haka, in ce ƙyuya ce.

"Zamanin soja, ya kai gero kasuwar, wasu masu kaki suka ce ɓoye hatsi yake. Tun daga wurin 'yan hatsi suka sa shi wannan tsallen har bakin tasha. Ubanka na riƙe da igiyar jaki yana kallo. Tun rannan ba wanda ya ƙara tada zancen cikin gidan nan. Yau kai ka tashe shi."

Da na koma Dutsin-Ma na sake buɗe wurin nan na fim ɗin a waya, na kashe muryar. Ranar ce na fara ganin fuskar dattijon da ke cikin fim ɗin. Duk kallon da na yi a baya, Janar kawai nake kallo. Na goge shi, na hana kowa kirana da sunan.

Bayan 'yan makonni na koma ƙauye cikin doguwar riga, da goro a hannu, ina fatan mantuwar tsufa ta share abin. Na yi sallama, na ƙaƙalo dariya.

"Tsoho, na zo ɗaukar matata."

Ya ji muryar, ya kai hannu ya cire hularsa.

"Ɗauke ta, ranka shi daɗe," ya ce.

Haka muka zauna har Allah ya karɓi ransa. Ya manta sunayen 'ya'yansa, bai manta muryata ba, kuma bai sake ɗaga mini sanda ba. Abin da na koya shi ne, zaluncin da muke kallo muna dariya a kan wani ya sauka, kuma mai yiwuwa wanin nan yana zaune a ƙofar gidanku yana jan carbi, bai taɓa gaya wa kowa ba.