Bazarar da Na Hana Gwaggo Ba Kajinta Kafso

Ni mutum ce mai yawan shakka, ko abin da na gani da idona sai na sake tambaya. Amma akwai wata bazara da na tabbata ba za ta fita daga raina ba har na koma ga Allah, wato bazarar da kajin gwaggona suka fara mutuwa.

Lokacin na gama jami'a ke nan, ina gida Katsina ina jiran tafiya bautar ƙasa. Ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani na karanta, kuma binciken da na yi a shekarar ƙarshe a kan waɗanda ke zaune cikin hanjin kaza ne. A danginmu wannan abin dariya ne. Babban ɗan Gwaggo, wanda yake taubashina, ba ya kirana da komai sai Daktar kashin kaji.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, tana zaune a Ƙofar Guga. Bayan rasuwar mijinta ta yi wani irin shiru, ko da ta fita takaba ba ta son magana da kowa. Abin da ya dawo da ita cikin mutane shi ne kiwon fararen kajin nan na gidan gona, a wani ɗaki da ke jikin katanga ta bakin titi. To, zubin da ta yi kafin wannan kusan duk ya mutu. Ɗan nata ya ce idan wannan ma ya bi sahu an gama kiwo a gidan, zai fasa wa ɗakin ƙofa ta waje ya mai da shi shago. Ba na jin mugunta ce ta sa shi. Ya gaji ne da ganin mahaifiyarsa tana hawaye a kan mushen kaza.

Ranar da ta aiko a kira ni, da na leƙa ɗakin sai da zafi ya mayar da ni baya. Rufin kwano ne, an kuma toshe tagogin da buhuna. Kajin sun baje fukafukai, baki a buɗe suna haki, kashinsu tsululu kamar ruwa. Ruwan shan nasu kuwa ɗumi, ga shi ya yi launin ɗorawa.

"Gwaggo, me ya sa aka toshe tagogin?"

"Iska ke kawo cutar, ɗiyata. Na maƙwabta ta taga ta shigar masu."

"Wannan launin na ruwan fa?"

"Kafso ne mana. Tun suna 'yan tsaki kullum safe nake fasa masu, don rigakafi. Da suka fara zawo na ƙara. Kowa haka yake yi."

Nan na tuna binciken da na yi. A cikin hanjin kowace kaza lafiyayya akwai halittu masu amfani, su ke taya ta narkar da abinci, su kuma hana masu cutarwa samun wurin zama. Zafi mai tsanani yana dagula su. Kafson kuma ba ya zaɓe, da na kirki da na banza duk kashewa yake yi. Na so in faɗa mata haka, amma abin da ya riƙa fita daga bakina shi ne mai yiwuwa, ana kyautata zato, sai dai ban da tabbas. Na ga idonta ya fara komawa kan kajin. Sai na ce, "Gwaggo, in za a yi kindirmo, ai sai an zuba ɗan tsohon nono a cikin sabuwar madara, ko?" Ta ce ƙwarai. Na ce to cikin kaza ma akwai irin wannan, kuma ina tsoron kafson nan wanke shi yake yi kullum.

Ta ce, "To, mi za a yi?"

Na kawo shawarar da aka koya mana a makaranta: a raba kajin biyu, rabi a ci gaba da ba su kafso, rabi a daina, mu ga waɗanda za su tashi. Har yau ina ganin kallon da ta yi mini.

"Ke nan in tsaya da hannuna in ware waɗanda za su mutu? A'a, 'yar nan. Ni ba karatu nake yi ba. Ki ce mini in bari ko in ci gaba, abin da kika ce shi zan yi."

Na fita zaure na buga wa wani likitan dabbobi waya. Ya ce alamun sun fi kama da zafi, amma ba zai yanke hukunci a kan kajin da bai gani ba, kuma ba ya gari. Wato shi ma ya mayar mini da kayana. Na dawo na ce, "Gwaggo, a daina."

Muka yaye buhunan. Muka sa aka shimfiɗa kara a kan kwanon. Ruwa ya koma na randa mai sanyi, abinci kuma da sassafe da bayan la'asar kawai, saboda narkar da shi ma yana ƙara musu zafin jiki.

Washegari na tarar an jera wasu matattun a gindin katanga. Taubashina na tsaye yana auna faɗin ɗakin da ido. "Dakta, sannu da aiki. Da kafso suna mutuwa ɗaya-ɗaya, da digiri kuma sai a jere. In kawo magini ne?" Dariya yake yi, amma ni kuka ya kusa ƙwace mini. Na ce wa Gwaggo ko za a mayar da kafson ne, don ƙila na yi kuskure. Ta ce, "Jiya kin yi magana guda. Ki zauna a kanta, ni ma a kanta nake zaune." Ta miƙo mini moɗa, muka ci gaba da sauya ruwa.

Haka na riƙa zuwa kullum, ina duƙawa ina duba kashin kaji kamar mai neman allura. A hankali ya fara ɗaurewa. Hakin ya ragu, suka koma rububin abinci. Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, gari ya yi sanyi. Gaskiya har yau ba zan iya rantsewa a kan abin da ya cece su ba, ko barin kafson ne, ko tagogin, ko ruwan saman. Mun canza komai a lokaci guda, abin da malamaina ba za su yarda da shi ba.

Mafi yawansu dai sun rayu. Wata safiya na iske taubashina a kan tsani yana kafa waya mai raga a tagogin, Gwaggo na ƙasa tana nuna masa inda ya karkace, tana yi masa faɗa da cikakkiyar murya.

Abin da na koya shi ne, faɗin "ban da tabbas" gaskiya ce, kuma ban daina faɗinta ba. Amma wanda abinsa ke mutuwa a gabansa ba zai iya jiran tabbas ba. Abin da yake bukata shi ne ki auna iya saninki, ki faɗi magana guda, sannan washegari ki dawo a kwashe mushen tare da ke.