Baba Ɗanjuma da Dawar da Ya Ɗaure

Duk wanda ya san Baba Ɗanjuma na Paki, yayan mahaifina, ya san ba ya wuce tsiro bai girgiza shi ba. Sai ya kama kara, ya jijjiga, ya tambaye shi, "Wa ya riƙe ka?" Zan kawo labarinsa bi da bi, yadda ya faru.

Ya fara da ni ne a bakin kududdufi. Ya sa na tsamo masa bado, ya ɗaga shi sama, abin ya langaɓe kamar tsumma.

"A ruwa ka gan shi da girman kai," in ji shi. "Ruwa ne ke ɗauke da shi. Jikinsa duk iska ce, ba ƙashi. Dawa kuwa ita ke tsai da kanta, da ƙarfin kara da saiwa."

Sai kuma kabewar matarsa, Inna Ladi, da ta hau danga. Kullum yana zagin kabewar nan, wai ƙafar aro gare ta. Ranar da aka yi miyar taushe, Inna ta janye kwanon.

"Malam, ai ba ka cin mai ƙafar aro."

"Cewa na yi ba ta da ƙashi," ya ce, yana jawo kwanon. "Ban ce ba ta da daɗi ba."

Babban lamarin ya zo ne 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Baba ne shugaban gandunmu, wato gonar da duk gidan ke nomawa tare. Da dawa ta yi tsawo, sai ya ce mu tara ƙasa a gindin kowace, sannan mu ɗaure karare uku-uku da ganyensu, don su jingina da juna. Masu wucewa kasuwar Makarfi suka riƙa tsayawa.

"Ɗanjuma, yau auren dawa ake? Ina goron?"

Mahaifina ya ji kunya ƙwarai. Ya ce, "Yaya, tsufa ya kama ka. In wannan aiki bai tsinana komai ba, bana ka sauka, ni zan riƙe gandu."

"Na yarda," in ji Baba. "Miƙo ganye."

Dawa ta fitar da kai, ta yi nauyi, sai ga hadari da iska mai ƙarfi daga gabas. Da ruwa ya ɗauke muka ruga gona. Gonakin maƙwabta sun kwanta shame-shame a cikin laka. Tamu tana tsaye, sai 'yan kaɗan a gefe da muka yi ƙyuiyar ɗaurewa.

Baba ya zaga gonar a hankali, hannu a baya, kamar mai duba faretin sojoji. Ya zo gaban mahaifina ya tsaya.

"Sabon maigida, ina kwana?"

Mahaifina ya durƙusa. "Yaya, gandu naka ne."

"Dama. Tashi ka kira yara, mu je mu tayar wa masu neman goro tasu kafin ta ruɓe."

Haka muka yini muna tallafe dawar waɗanda suka yi masa dariya, shi kuwa yana tsaye a kan kunyar gona yana tsokanarsu ɗaya bayan ɗaya. Ya riƙe gandun har rasuwarsa, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa a hannunsa ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Amin.